Charles Kettering (1876–1958): Wanda Ya Hutar da Direba Murɗa Ƙarfe

An haifi Charles Franklin Kettering a 1876, a gidan manoma kusa da Loudonville ta jihar Ohayo a Amurka. Ciwon ido ya yi ta katse masa karatu, har sai a 1904 ya kammala digirin injiniyan lantarki. Daga nan ya kama aiki a Dayton, a kamfanin National Cash Register, inda ya sanya wa na'urar ajiyar cinikin kanti ƙaramin injin lantarki.

A wancan zamani da hannu ake tayar da mota: a zura ƙarfe a goshinta a murɗa, in injin ya yi tutsu, ƙarfen ya dawo ya karya hannu ko muƙamuƙi. Masana sun ɗauka injin lantarkin da zai iya wannan aiki sai ya yi girman da mota ba za ta ɗauka ba. Kettering kuwa ya koya daga na'urar kanti cewa ƙaramin inji yana jure nauyin da ya fi ƙarfinsa, muddin na ɗan lokaci ne. Da wannan fahimta, kamfanin Delco, wanda ya kafa da Edward Deeds a 1909, ya ƙera sitatar da Cadillac ta fito da ita a 1912.

Hikimar tana wajen batir. Lokacin tayarwa ana jera sassansa su ba da bolt 24. Da injin ya kama, sai a sauya haɗin ya koma bolt 6 don caji da fitilu. Daga baya bolt 6 ya zama ruwan dare, kafin injinan shekarun 1950 su fi ƙarfinsa a koma 12. Manyan motocin da ke ratsa Tsafe, Gusau da Bunguɗu zuwa Sakkwato, masu batir biyu a jere, a kan 24 ɗin nan suke tashi.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. Yana shugaban sashen bincike na General Motors ne, a 1921, ma'aikacinsa Thomas Midgley ya gano amfanin zuba dalma a fetur, gubar da duniya ba ta rabu da ita a motoci ba sai 2021. Kettering ya bar muƙamin a 1947, ya rasu a Dayton a 1958.