Kanar Shittu Alao: Shugaban da Bai Zauna a Ofis Ba

Duk wanda ya je Keffi zai ji sunan Barikin Shittu Alao. To, mu nawa ne muka san mai sunan?

An haife shi a 1937 a Dorowa Babuje, cikin Jihar Filato ta yau. Da sojan ƙasa ya fara, daga baya aka mai da shi sojan sama, rundunar da aka kafa bisa doka a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma. A can Jamus ya sami horo. A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, ya gaji George Kurubo a shugabancin rundunar, yana ɗan shekara 30 kacal.

A lokacin matuƙanmu 'yan ƙasa kaɗan ne, har sai da gwamnati ta ɗauko Misirawa su tuƙa mata jiragen yaƙi. Alao bai tsaya ba da umarni daga ofis ba. Shi da kansa yakan tashi da jirgi ya kai hari.

Ran 15 ga Oktoba 1969 yana tuƙa jirgin L-29 shi kaɗai, sai gari ya ɓaci, mai kuma ya yi ƙasa. Ya yi ƙoƙarin sauka a Uzebba, Jihar Edo ta yau, jirgin ya faɗi, ya rasu. Saura wata 3 yaƙin ya ƙare.

Ba ma murna da bama-baman da suka faɗa kan 'yan'uwanmu 'yan Nijeriya. Amma ku shugabannin ɗalibai, ku lura da abu guda: bai tura na ƙasa da shi inda shi ba zai je ba.