Lawrence na Larabawa: Baturen da ya tsallake yaƙi, babur ya yi ajalinsa

Idan aka ambaci Thomas Edward Lawrence, abin da ke faɗo wa masu karatun tarihi shi ne rawani da raƙumi da tawayen da Larabawan Hijaz suka yi wa Daular Usmaniyya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Masu sha'awar babur kuwa wani abu dabam suke tunawa da shi. Shi ne mutumin da ya mallaki babura bakwai daga cikin mafiya tsada a zamaninsa, ya riƙa kula da su kamar 'ya'yan cikinsa, ya faɗi a kan na bakwai ya mutu. Mutuwar tasa kuma tana cikin abubuwan da suka zama silar wajabta wannan hular kwano da ake ta fama da matasanmu su riƙa sawa.

Haihuwa da tasowarsa

An haifi Lawrence ranar 16 ga Agustan 1888 a garin Tremadog da ke yankin Wales na Birtaniya. Mahaifinsa, Thomas Chapman, ɗan gidan masu ƙasa ne a Ireland, wanda ya bar matarsa ya tafi da mai renon 'ya'yansa, suka ɗauki sunan Lawrence suka zauna ba aure. Shi ne na biyu cikin 'ya'yansu maza biyar. A 1896 suka koma birnin Oxford, inda ya yi makaranta har ya kammala digiri a fannin tarihi a 1910 da sakamako mafi daraja.

Tun yana saurayi ƙafa biyu ta shiga ransa, amma ta keke. A hutun makaranta yakan tsallaka Faransa da kekensa yana zagaya tsofaffin ganuwoyi yana zana su. A 1909 ya taka kusan mil 1,000 a ƙasa a yankin Sham yana nazarin ganuwoyin da mayaƙan Salibiyya suka bari. Daga 1911 zuwa 1914 ya yi aikin tonon kayan tarihi a Karkemish, a bakin Kogin Furat. A can ne Larabcinsa ya nuna, ya kuma san halin mutanen karkara.

Ya taɓa zuwa Khartum

Da yaƙi ya ɓarke, sai aka tura shi ofishin leƙen asirin sojan Birtaniya a Alƙahira. A watan Yunin 1916 Sharif Husaini na Makka ya yi wa Turkawa tawaye, kuma a watan Oktoba aka aika Lawrence Hijaz ya gano yadda abin ke tafiya. A can ya haɗu da Faisal ɗan Sharif, ya ga cewa shi ne ya dace ya ja ragamar yaƙin.

Abin da da yawa daga cikinmu mazauna Sudan ba mu sani ba shi ne, daga Hijaz bai wuce Alƙahira kai tsaye ba. Ya tsallako Bahar Maliya ya sauka a Bur Sudan, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Khartum don ya gana da Gwamna Janar Reginald Wingate, wanda a lokacin aka ɗora wa alhakin tallafa wa tawayen ta fuskar soja. Wannan ya faru ne a watan Nuwamban 1916, watan da sojojin Wingate suka kashe Sarkin Darfur Ali Dinar, wanda ya goyi bayan Usmaniyya. Babbar maganar da ake yi a lokacin ita ce ko a sauke sojojin Turawa a Rabig, kusa da Jidda. Lawrence ya ƙi goyon bayan haka, don a ganinsa ranar da sojan Nasara suka taka Hijaz, ranar ƙabilu za su watse su bar Sharif.

Daga nan ya koma wurin Faisal. Yana cikin waɗanda suka ƙwace tashar Aƙaba ranar 6 ga Yulin 1917, suka kuma shiga Dimashƙu a farkon Oktoban 1918. A tsakani ya sha dasa nakiya a layin dogon Hijaz, wanda Sultan Abdulhamid na Biyu ya sa aka shimfiɗa daga Dimashƙu zuwa Madina, aka buɗe a 1908 don sauƙaƙa wa alhazai. 

To, shi ya sa har gobe Larabawa ba su haɗu a kan mutumin nan ba. Wasu na ganin aboki ne da ya yi musu fafutuka a taron sulhu na Faris a 1919. Wasu da dama kuwa na ganin ɗan leƙen asiri ne da ya san Ingila da Faransa sun riga sun raba ƙasashen a asirce tun 1916, amma ya ci gaba da tura mutane fagen daga da alƙawarin 'yanci. Shi kansa abin ya tsaya masa a rai, har ya ƙi karɓar lambobin girman da Sarki George na Biyar ya so ba shi.

Kanar ya koma kurtu

Bayan yaƙi wani ɗan jaridar Amurka, Lowell Thomas, ya riƙa nuna hotuna da majigin Lawrence a manyan ɗakunan taro, sunansa ya cika duniya. Shi kuwa sai ya gudu daga sunan. Mutumin da ya kai muƙamin Kanar, ya zauna da Winston Churchill a taron Alƙahira na 1921 inda aka tsara naɗa Faisal sarautar Iraƙi, sai ga shi a 1922 ya shiga sojan sama a matsayin kurtu da sunan ƙarya, John Hume Ross. 'Yan jarida suka gano shi, aka sallame shi. A 1923 ya shiga rundunar tankoki a barikin Bovington da sunan T. E. Shaw, ya kama wani ɗan ƙaramin gida a kusa mai suna Clouds Hill. A 1925 ya samu ya koma sojan sama.

Ba ya shan taba, bai damu da giya ba, bai yi aure ba, bai tara dukiya ba. Littafinsa na yaƙi, Seven Pillars of Wisdom, bashi ma ya jawo masa da ya buga shi a 1926. Jin daɗinsa a duniya bai wuce littattafai da faifan kiɗa da babur ba.

Baburan da ya mallaka

Babur ɗin da ya zaɓa shi ne Brough Superior, wanda George Brough ke ƙerawa a birnin Nottingham. Daga 1919 zuwa 1940 kimanin 3,000 kacal kamfanin ya yi, domin da hannu ake haɗa kowane. Sai an haɗa babur tsaf an ga komai ya zauna, sannan a warware shi a yi fenti, a sake haɗawa. Samfurin SS100, wanda ya fito a ƙarshen 1924 da inji mai silinda biyu na kusan cc 1,000, ba a miƙa wa mai saye sai da takardar shaidar cewa an gwada shi ya kai gudun mil 100 a awa, wato kilomita 160. Kuɗinsa kuwa ya kai abin da leburan Ingila zai yi kusan shekara yana nema.

Lawrence ya sayi na farko a 1922. Ya riƙa sa musu suna George na Ɗaya, George na Biyu, har zuwa na Bakwai, ya kuma yi musu laƙabi da Boanerges, tsohuwar kalma mai nufin 'ya'yan tsawa. A watan Satumban 1926 ya rubuta wa George Brough yana shaida masa cewa ya cika mil 100,000 a kan babura biyar cikin shekara huɗu. Ka lissafa, mai karatu: kilomita 160,000 ke nan, kusan 40,000 a kowace shekara, a hannun ƙaramin sojan da sai an tashi aiki yake samun hawa.

Babur ba ya irin wannan tafiya da addu'a kawai. Lawrence mutum ne mai hannun gyara, shi ke duba abinsa, ya goge, ya ɗaure abin da ya kwance, idan aiki ya fi ƙarfinsa ya kai wa waɗanda suka ƙera shi. Hannun nasa bai tsaya a babur ba: bayan ya ga faɗuwar wani jirgin sama a tekun Plymouth a 1931, ya shafe shekarunsa na ƙarshe a soja yana aikin inganta jiragen ruwa masu gudu na ceton matuƙa.

Abin da yake ƙara wa babur ma na amfani ne. Da yake gajere ne, bai fi santimita 165 ba, an sa wa na ƙarshe tayar baya ƙarama don ƙafarsa ta riƙa kai ƙasa. Yana da jakunkuna a gefe, waɗanda yake ciko wa abokan barikinsa da ƙwai da nama daga garuruwan da kaya suka fi araha. A littafinsa The Mint, wanda aka buga a 1955 bayan mutuwarsa, ya ba da labarin yadda ya yi tsere da jirgin saman yaƙi a hanyar Lincoln lokacin yana barikin Cranwell, allurar gudunsa ta haura mil 100. Da ya dawo daga aiki a Indiya a 1929 ba shi da babur, sai marubuci George Bernard Shaw da matarsa Charlotte da wasu abokai suka saya masa na shida. Na bakwai, mai lamba GW 2275, ya karɓe shi a 1932 a kan fam 170.

Ranar tsautsayi

A ƙarshen Fabrairun 1935 ya bar soja ya koma Clouds Hill. Ranar 13 ga Mayu da hantsi ya hau babur zuwa gidan waya na Bovington ya aika saƙo. A hanyar dawowa, saura ƙiris ya isa gida, akwai wani kwari a titin da ya ɓoye masa wasu yara biyu a kan kekuna. Ya kauce, ya taɓa tayar bayan ɗaya, babur ya wurgar da shi ta gaba, kansa ya bugi ƙasa. Yaran sun tsira. An sami babur ɗin a giya ta biyu, abin da ke nuna gudunsa bai fi kilomita 60 a awa ba. Babu hular kwano a kansa, don a lokacin sai 'yan tsere ke sa ta.

Ƙoƙon kansa ya fashe. Ya yi kwana shida bai farfaɗo ba a asibitin barikin, ya mutu ranar 19 ga Mayun 1935 yana da shekara 46. An binne shi a ƙauyen Moreton, Churchill na cikin masu rakiya. Babur na takwas da ya yi oda yana kamfani ba a gama haɗa shi ba. Na bakwai kuwa bai yi wata lalacewar kirki ba, an gyara shi, har an riƙa nuna shi a gidan tarihin yaƙi na Landan. Fim ɗin da aka yi a kan rayuwarsa a 1962 da wannan haɗari ya fara.

Likitan da abin ya dama

Cikin likitocin da aka kira akwai Hugh Cairns, ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Ostareliya. Bai iya ceto shi ba, amma abin bai bar ransa ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ya ga yadda sojojin da ke kai saƙo a kan babur ke mutuwa da raunin kai tun ba su ga abokan gaba ba. Ya tattara bayanansu, ya wallafa bincikensa a mujallar likitocin Birtaniya a 1941, kuma a watan Nuwamban shekarar rundunar soja ta wajabta wa masu babur ɗinta hular kwano. Farar hula sun daɗe suna turjiya. Jihar Victoria ta Ostareliya ta yi dokar a 1961, Birtaniya kuwa sai 1973. A Najeriya da aka fara tilastawa ranar 1 ga Janairun 2009, an kama 'yan acaɓa da suka kifa ƙwarya a ka don su ruɗi jami'an hanya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kimanin kashi 69.

Abin da ya shafe mu

A nan Sudan motar ake ce wa babur, kalmar babur kuwa injin ban ruwa take nufi, amma halin masu hawa ɗaya ne da na Kano ko Maraɗi. A kewayen Kasuwar Umdurman za ka ga saurayi ya kashe kuɗi a kan fitilu masu launi da rigar kushin da ƙahon da ya fi na bas ƙara, ya wanke taya har tana ƙyalli, amma kansa a buɗe. Wanda ma ya sayi hular, sau da yawa a hannun babur take rataye. In ka yi magana ya ce zafi, ko ya ce ai nan da nan ne, ko ya ce in ajali ya zo hula ba ta hanawa.

Zafin Umdurman gaskiya ne, ba mai musu. Ajali ma gaskiya ne. Amma shi wannan mai maganar ajali bai taɓa barin babur ɗinsa a bakin kasuwa ba kulle don ya yarda abin da aka rubuta ba ya wucewa. Maganar nan da nan kuwa, Lawrence ya amsa ta da ransa. Bai faɗi ranar da yake tsere da jirgin sama ba. Ya faɗi ne a hanyar da ya fi sani a duniya, da rana tsaka, a giya ta biyu, a kan babur mai lafiya, bayan shekara 13 yana tuƙi. Gwanintarsa ta ceci yara biyu, ba ta ceci kansa ba.

Don haka duk wanda zai saya wa ɗansa ko ƙanensa babur, ya sa kuɗin hula a cikin lissafi tun kafin a yi maganar fitila da madubi. A nemi mai ƙwari wadda ta zauna daidai a ka, ba ta roba irin ta 'yan gini ba, a kuma ɗaure igiyarta a haɓa, don hular da ba a ɗaure ba ita ke fara tashi kafin mai ita ya kai ƙasa. Wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi a canja ta ko da ba a ga tsaga ba. Wanda aka goya a baya ma kansa bai fi na direba tauri ba.