DOUGLAS HYDE (1860-1949): BAWAN ALLAHN DA YA MAYAR WA MUTANEN AYILAN DA HARSHENSU

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan karin magana ya dace da halin da mutanen ƙasar Ayilan suka sami kansu a ƙarni na 19, lokacin da suka fara jin kunyar harshen iyayensu, suka rungumi Ingilishi hannu bibbiyu. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan rayuwar Douglas Hyde, mutumin da ya yi tsayuwar daka wajen ceto harshen Gelik daga mutuwa. Abin sha'awa shi ne, Hyde bai sha wannan harshe a nono ba. Koyonsa ya yi daga bakin ƙauyawa, sannan ya ƙare rayuwarsa yana shirya azuzuwa da gasa da bukukuwa domin masu harshen su daina gudunsa.

Halin da Harshen Gelik Yake Ciki

Ayilan tsibiri ne da ke yamma da Ingila, kuma ya daɗe a ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Harshen asali na mutanen wurin shi ne Gelik, wanda su da kansu suke kira Gaeilge. Harshe ne mai tsohon tarihin rubutu, amma da tafiya ta yi tafiya sai Ingilishi ya mamaye kotu da kasuwa da ofis. Makarantun firamare da gwamnati ta kafa daga shekarar 1831 ma da Ingilishi suke koyarwa.

Ana cikin haka sai ga babbar yunwa ta faɗo daga shekarar 1845, sakamakon wata cuta da ta lalata dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talaka. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kimanin miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, yawancinsu zuwa Amurka da Ingila. Yankunan da yunwar ta fi yi wa ɓarna su ne na yammacin ƙasar, inda aka fi jin Gelik. Daga nan iyaye suka fara ganin harshen a matsayin alamar talauci, suka riƙa hana 'ya'yansu yin magana da shi domin su sami aiki a ƙasar waje. Ƙidayar shekarar 1851 ta nuna masu jin Gelik sun kai kusan miliyan ɗaya da rabi. Zuwa ƙidayar 1891 sun ragu zuwa kimanin 680,000.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Douglas Hyde ranar 17 ga watan Janairu, 1860, a garin Castlerea da ke gundumar Roscommon. Mahaifinsa, Arthur Hyde, limamin coci ne na ɗariƙar Furotestan, alhali kuwa mafi yawan mutanen ƙasar mabiya ɗariƙar Katolika ne. Gidansu gida ne na masu hali, waɗanda ba su da wata alaƙa da Gelik sai dai su ji shi a bakin barori. A shekarar 1867 aka yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki, iyalin suka koma kusa da Frenchpark.

Rashin lafiya ya hana Hyde zama a makarantar kwana, don haka a gida aka koyar da shi. Wannan zama na ƙauye shi ne ya zame masa alheri. Ya shaƙu da wani mai gadin dajin farauta da ake kira Seamus Hart, da sauran dattawan yankin, yana shiga bukkokinsu yana sauraron tatsuniyoyi da waƙoƙi. Da yake ba shi da littafin koyo a farko, sai ya riƙa rubuta kalmomin yadda kunnensa ya ji su. Ba da jimawa ba ya fara rubuta abubuwan da suka faru da shi na yau da kullum cikin Gelik. Hart ya rasu a shekarar 1875, kuma mutuwarsa ta girgiza yaron ƙwarai.

Iliminsa da Rubuce-rubucensa

A shekarar 1880 Hyde ya shiga Kwalejin Trinity da ke birnin Dublin. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a aikin coci, amma zuciyarsa ba ta can. Ya yi nazarin harsuna da dama, ciki har da Latin da Girkanci da Faransanci da Jamusanci. Ya sami digirinsa na farko a 1884, ya kuma sami digirin digirgir a fannin shari'a a 1888. Daga 1890 zuwa 1891 ya koyar da harsuna a Jami'ar New Brunswick ta ƙasar Kanada. Tun yana ɗalibi yake buga waƙoƙi a jaridu da sunan alƙalami An Craoibhín Aoibhinn, wato ɗan reshe mai daɗin gani, kuma da wannan suna ne jama'a suka fi saninsa.

Babban aikinsa na ilimi shi ne tattara adabin baka. A 1890 ya fitar da Beside the Fire, littafin tatsuniyoyi wanda ya bambanta da na magabata. Kafin shi, marubuta kan ji labari a bakin ƙauyawa su sake tsara shi da Ingilishi yadda suka ga dama. Shi kuwa Hyde sai ya kawo labarin da Gelik, ya sa fassara a gefensa, ya kuma ambaci sunayen waɗanda suka ba shi. A 1893 ya fitar da Love Songs of Connacht, tarin waƙoƙin soyayya na yammacin ƙasar, wanda ya yi tasiri a kan manyan marubuta irin su W. B. Yeats da Lady Gregory da J. M. Synge. A 1899 kuma ya wallafa A Literary History of Ireland, inda ya bi tarihin adabin ƙasar tun daga zamanin da.

Kafa Ƙungiyar Gelik

Ranar 25 ga Nuwamba, 1892, Hyde ya gabatar da lacca a gaban wata ƙungiyar adabi a Dublin, a kan wajibcin raba Ayilan da kwaikwayon Ingila. Ya nuna wa masu sauraro saɓanin da ke cikin halinsu: suna ikirarin ƙin mulkin Ingila, amma suna canza sunayensu zuwa na Ingilishi, suna watsi da harshensu da kiɗansu da wasanninsu. Bai ce a ƙi duk abin da ya fito daga Ingila ba. Abin da ya nema shi ne mutane su daina zubar da nasu.

Wata takwas bayan nan, ranar 31 ga Yuli, 1893, wasu mutane ƙalilan suka taru a wani ɗaki a Dublin suka kafa Conradh na Gaeilge, wato Ƙungiyar Gelik. Eoin MacNeill ne ya kira taron, aka kuma zaɓi Hyde ya zama shugaba. Ƙungiyoyin da suka gabace ta sun fi damuwa da tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Ita kuwa wannan, manufarta ita ce a ci gaba da magana da harshen. Hyde ya kuma kafe a kan cewa ƙungiyar ba ta siyasa ba ce, ba ta addini ba ce, domin ɗan Katolika da ɗan Furotestan su zauna a benci ɗaya.

Azuzuwa, Gasa da Bukukuwa

A nan ne hikimar Hyde da abokansa ta fi fitowa fili. Sun gane cewa nahawu kaɗai ba zai jawo matasa ba. Don haka kowane reshe na ƙungiyar ya zama wurin karatu da nishaɗi a lokaci guda. Da yamma, bayan an tashi daga aiki, akawu da malamin makaranta da mai jiran kanti sukan haɗu su yi darasi daga ƙananan littattafan da wani limamin Katolika, Eugene O'Growney, ya rubuta. Bayan darasi sai waƙa da rawa su biyo baya. Mata ma sun shiga a matsayin cikakkun mambobi, abin da ba a saba gani ba a ƙungiyoyin wancan zamani. An kuma ɗauki malamai masu yawo, waɗanda ke bin ƙauyuka a kan keke suna buɗe sababbin rassa. Wajen shekarar 1904 rassan sun kai kusan 600.

A 1897 ƙungiyar ta fara babban bikin shekara-shekara mai suna Oireachtas, inda ake gasar rubuta waƙa da zube, da rera waƙa, da ba da tatsuniya. A gundumomi kuma aka riƙa yin ƙananan bukukuwa da ake kira feis. Mai karatu zai iya hasashen abin da wannan ya haifar a zukatan mutane: tsohon da jiya ake yi wa dariya saboda ba ya jin Ingilishi, yau shi ne a kan dandamali ana tafa masa, ana ba shi kyauta a gaban jikokinsa. A 1899 aka fara buga jaridar ƙungiyar, An Claidheamh Soluis. A 1902 aka ƙirƙiro Makon Gelik. Ƙungiyar ta kuma taimaka wajen matsa lamba har ranar tunawa da Waliyyi Patrick, 17 ga Maris, ta zama ranar hutu a 1903.

Hyde bai tsaya ga ba da umarni ba. Ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Casadh an tSúgáin, wato tufkar igiya, aka nuna shi a gidan wasa na Gaiety da ke Dublin a watan Oktoba na 1901, kuma shi da kansa ya fito a matsayin jarumin wasan. Labarin wani mawaƙi ne mai yawo da ya shiga gidan biki ya nemi ƙwace budurwar wani. Mutanen gidan suna tsoron zambonsa, ba su iya korarsa ba, sai suka yi masa dabara suka sa shi tufka igiya yana ja da baya, har ya fita ƙofa suka rufe.

Akwai kuma fafatawa da masana. A 1899, a gaban wani kwamitin binciken ilimin sakandare, wasu shehunan malamai na Kwalejin Trinity, John Mahaffy da Robert Atkinson, sun kushe Gelik da adabinsa. Hyde ya mayar da martani da wasiƙun manyan masana harshe na ƙasashen Turai, irin su Kuno Meyer, waɗanda suka tabbatar da darajar adabin. Daga 1905 zuwa 1906 ya zaga biranen Amurka yana neman gudummawa daga 'yan Ayilan mazauna can, ya gana da Shugaba Theodore Roosevelt, ya kuma tara fiye da dala 50,000. A 1909 ya zama farfesan Gelik na zamani a Kwalejin Jami'a ta Dublin, muƙamin da ya riƙe har 1932. Daga 1913 cin jarrabawar Gelik ya zama sharaɗin shiga Jami'ar Ƙasa ta Ayilan.

Rabuwarsa da Ƙungiyar

Sai dai abin da Hyde yake gudu shi ne ya faru. Matasan da suka koyi alfahari da harshensu a azuzuwan ƙungiyar sun fara tambayar dalilin da zai sa baƙo ya ci gaba da mulkinsu. A babban taron ƙungiyar da aka yi a garin Dundalk a 1915, aka shigar da neman 'yancin ƙasa cikin manufofinta. Hyde ya ajiye shugabanci bayan shekara 22, domin yana ganin wannan mataki zai kori waɗanda suke son harshen amma suke da wani ra'ayin siyasa daban. Shekara ɗaya bayan nan aka yi tawayen Ista na 1916, kuma da yawa daga cikin jagororinsa 'ya'yan ƙungiyar ne, ciki har da Patrick Pearse, tsohon editan jaridarta, wanda hukumomin Birtaniya suka harbe. A wannan shekara ce kuma tarin fuka ya kashe Nuala, ɗaya daga cikin 'ya'ya mata biyu da Hyde ya haifa da matarsa Lucy Kurtz.

Shugabancin Ƙasa da Rasuwarsa

Kudancin Ayilan ya sami mulkin kai a 1922. Tsarin mulkin 1937 ya sa Gelik a matsayin harshen hukuma na farko, ya kuma ƙirƙiro kujerar shugaban ƙasa. Manyan jam'iyyu biyu, waɗanda ba sa ga maciji da juna tun bayan yaƙin basasa, suka amince da Hyde ba tare da hamayya ba. An rantsar da shi ranar 25 ga Yuni, 1938, yana da shekara 78, kuma da Gelik ya yi rantsuwar.

Ko a nan ma bai tsira daga masu tsattsauran ra'ayi ba. A watan Nuwamba na 1938 ya halarci wasan ƙwallon ƙafa tsakanin Ayilan da Poland. Ƙungiyar wasannin gargajiya ta ƙasar, wadda a lokacin ta haramta wa 'ya'yanta kallon wasannin da take ɗauka na baƙi ne, sai ta cire shi daga cikin iyayen ƙungiya. A 1940 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, amma ya kammala wa'adinsa a kan keken marasa lafiya a 1945. Ya rasu ranar 12 ga Yuli, 1949, yana da shekara 89. An yi addu'ar jana'izarsa a majami'ar Waliyyi Patrick ta 'yan Furotestan a Dublin, inda kusan dukkan ministocin gwamnati suka tsaya a waje, saboda dokar cocin Katolika ta lokacin ta hana su shiga. An binne shi a Portahard, kusa da Frenchpark, inda ya fara jin Gelik.

Kammalawa

Shin Hyde ya ci nasara? Amsar tana da fuska biyu. Ƙidayar 2022 ta nuna kusan mutum miliyan 1.9 a Jamhuriyar Ayilan sun ce suna iya Gelik, amma kimanin 72,000 ne kawai ke magana da shi kullum a wajen makaranta. Ingilishi ne har yanzu harshen gida ga mafi yawan jama'a. A ɗaya ɓangaren, harshen da ake yi wa kallon mai jiran kabari a 1891 ya zama ɗaya daga cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai a 2007. Bikin Oireachtas da Makon Gelik suna nan ana yin su duk shekara, kuma babban filin wasannin gargajiya na Roscommon sunan Hyde yake ɗauke da shi.

Darasin da ɗalibin harshe zai ɗauka a nan shi ne, doka na iya sa harshe a cikin manhaja, amma ba ta iya sa uwa ta yi wa ɗanta magana da shi. Abin da ya dawo wa Gelik da mutuncinsa shi ne taron jama'a, inda aka ba dattijon ƙauye kujera a gaba aka saurare shi. Wannan kuwa aiki ne da wanda ya koyi harshe da girmansa ma zai iya jagoranta, kamar yadda ɗan limamin cocin Frenchpark ya yi.