Abdullahi ɗan Fodiyo

Abdullahi ɗan Muhammadu Fodiyo (1766 – 1829), wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, malami ne, marubuci, mawaƙi kuma jagoran yaƙi. Shi ne ƙanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma wazirinsa, sannan shi ne sarkin Gwandu na farko, wato shugaban ɓangaren yamma na Daular Usmaniyya. An san shi da zurfin ilimin harshen Larabci da tafsiri da fiƙihu, da kuma tsayawa a kan cewa shari'a tana sama da mai mulki. Hubbarensa yana garin Gwandu a Jihar Kebbi, inda jama'a ke kai ziyara har yau.

Asali da karatu

An haifi Abdullahi a ƙasar Gobir a shekarar 1180 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1766. Bafulatani ne daga zuriyar Toronkawa, waɗanda kakanninsu suka taso daga Futa Toro ƙarƙashin Musa Jakollo suka zauna a yankin Ƙonni. Sunan mahaifinsa Muhammadu, ana yi masa laƙabi da Fodiyo, kalmar Fulatanci da ke nufin malami masani. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Shehu Usmanu ya girme shi da shekara 12.

Ya yi karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsa. Da ya kai shekara 13 sai aka miƙa shi ga yayansa Usmanu, wanda ya karantar da shi tauhidi da fiƙihu da nahawu da tasawwufi. Ya kuma yi karatu a wurin 'yan'uwan iyayensa, daga cikinsu akwai Muhammadu ɗan Raji, wanda ya karantar da Sahihul Buhari. Shi da Shehu duk sun ɗauki ilimi a hannun Malam Jibrilu ɗan Umaru. Abdullahi ya jera sunayen malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu a cikin wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukh, wanda masu bincike ke dogara da shi wajen sanin yadda tsarin karatu yake a ƙasar Hausa a ƙarni na 18.

Zamanin wa'azi

Tun yana saurayi Abdullahi yake bin Shehu yawon wa'azi a Gobir da Kabi da Zamfara. A lokacin zamansu na Zamfara wani malamin Barno mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu a waƙe saboda mata suna halartar majalisinsa tare da maza. Shehu ya umarci ƙanensa ya ba da amsa. Abdullahi, wanda bai wuce shekara 20 da haihuwa ba, ya mayar da martani da waƙar Larabci, yana nuna cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi zuwansu wurin karatu illa.

Yana tare da Shehu a Magami a 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a ranar Idi ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya ya nemi a ba shi 'yancin yin wa'azi. Haka kuma yana cikin waɗanda suka raka Shehu fadar Alkalawa a zamanin Sarki Yunfa, lokacin da dangantaka tsakanin jama'ar Shehu da sarautar Gobir ta riga ta yi tsami.

Jihadi da cin Birnin Kabi

A watan Fabrairu na 1804 jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Shi ne ya jagoranci rundunar da ta karya mayaƙan Gobir a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara.

Bayan asarar da aka yi a Tsuntsuwa da ƙarancin abinci, jama'a suka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara. Daga nan Abdullahi da Aliyu Jedo suka ɗauki runduna zuwa Kabi. A watan Afrilu na 1805 suka ci Birnin Kabi, wato Birnin Kebbi na yau. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice daga birnin, aka naɗa Usmanu Masa a madadinsa. Wannan nasara ce ta buɗe wa jama'a fadamun Gulbin Kabi masu albarkar noma, ta kuma ba Shehu damar komawa Gwandu da zama a cikin shekarar.

Kafin shekarar ta ƙare Gobirawa da Abzinawa da Kabawa suka haɗa kai, Usmanu Masa ma ya juya baya. A kan hanyar zuwa tarar su, wasu daga cikin mayaƙan jama'a suka washe wani gari da ke cikin amana, shugabanni suka hana, ba a saurare su ba. Aka gwabza a Alwasa, jama'a suka sha kashi, mutane da yawa suka mutu. Maharan suka biyo su har Gwandu, wadda a lokacin ba ta da ganuwa, amma aka yi nasarar kore su.

Tafiya Kano

Abin da ya faru kafin Alwasa ya tsaya wa Abdullahi a rai. Ya ga yawancin malamai da almajiran da aka fara tafiyar da su sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa da dama hankalinsu ya koma ga ganima da dawaki da muƙami. A 1807, ana kan hanyar yaƙin Alkalawa, sai ya bar runduna tare da mutane kaɗan, da niyyar tafiya Makka da Madina ba tare da dawowa ba.

Da ya isa Kano, Sarki Sulaimanu da jama'ar gari suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda za su gudanar da mulki. Ya tsaya ya karantar da tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkam, littafin da ya yi bayanin sharuɗɗan shugaba, da aikin waziri da alƙali, da dukiyar da ta halatta hukuma ta karɓa da wadda ba ta halatta ba. Bayan haka ya fasa tafiyar ya koma wurin Shehu. Alkalawa ta faɗi a watan Oktoba na 1808, shi kuma ya ci gaba da jagorantar yaƙe-yaƙe ta yamma har ƙetaren Kogin Kwara.

Rabon daula da saɓani da Bello

A 1812 Shehu ya raba kula da daula gida biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi. A lokacin Abdullahi yana zaune a Boɗinga kusa da Sifawa, shi ya sa wasu ke kiransa Mai Boɗinga. Ƙasashen da suka kasance ƙarƙashin Gwandu a tsawon ƙarni na 19 sun haɗa da Kabi da Yawuri da Nufe da Ilori da Dandi da Liptako.

Da Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a kafin Abdullahi ya iso. Da ya zo ya tarar an rufe ƙofar gari, sai ya juya ya koma Gwandu. Shekaru suka shuɗe baffa da ɗa ba su jituwa. Abin da ya sake haɗa su shi ne tawayen Kalambaina, wani gari kusa da Gwandu inda ragowar mabiyan Malam Abdussalami suka taru. Bello ya kawo ɗauki aka ci garin. Da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yi shirin sauka daga kan doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Tun daga nan Sakkwato da Gwandu suka zama tagwayen cibiyoyin daula guda.

A ƙarshen rayuwarsa ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Muhammadu Buhari ɗan Shehu, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu a watan Muharram na 1245 Hijira, wato 1829. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma Ibrahim Halilu, wanda ya yi mulki daga 1833 zuwa 1858.

Rubuce-rubuce

Ana ƙidaya masa littattafai da ƙasidu fiye da 100. Mafi girma shi ne tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda ya kammala a 1231 Hijira, aka buga shi a Alƙahira a 1961. Ya taƙaita shi a wani littafin mai suna Kifayatu Lu'afa'is Sudan domin ɗalibai, a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya, waɗanda su ne aka sani a ƙasar.

A fannin harshe ya rubuta Albahrul Muhiɗ a kan nahawu da Alhisnur Rasin a kan sarfu, wato ginin kalma. Duka biyun a waƙe suke, domin almajiri ya haddace ƙa'ida cikin sauƙi. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a cikin Tazyinul Waraƙat, yana bayyana dalilin yin kowace waƙa, don haka littafin ya zama tarihin jihadi daga bakin wanda aka yi da shi. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Ibadan a 1963. Ya kuma yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa saboda waɗanda ba su jin Larabci.

Gwandu da hubbarensa

Gwandu gari ne da tuddai suka kewaye, gabas da Birnin Kebbi. Tarihin baka ya nuna sunan ya samo asali ne daga kalmar gandu, domin wurin gonar Kanta ne, sarkin da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka a garin a 1853 zamanin Halilu. Ya yaba ayaba da albasar da ake nomawa a kwarin, kuma a nan ne ya sami kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin Sanwai da Tumbuktu, wanda ke nuna irin littattafan da malaman garin suka ajiye.

Sarauta ba ta daɗe a garin ba. Sarakunan baya sun koma Ambursa saboda yaƙi da Kabawan Argungu, sannan a 1906, zamanin mulkin Turawa, aka mayar da fadar Birnin Kebbi. Har yau ana kiran sarkin Sarkin Gwandu, fadarsa kuma tana ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Ita kuwa Gwandu ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma, mafi yawan mutanenta manoma.

Abin da ya rage mata na wancan zamani shi ne hubbaren, inda kabarin Abdullahi yake tare da na wasu daga zuriyarsa. Masu ziyara sun haɗa da malamai da almajirai da ɗaliban tarihi da sarakuna, daga Najeriya da maƙwabtan ƙasashe. Mai ziyara yakan cire takalmi, ya yi sallama, ya yi addu'a ga mamatan. Da yawa sukan haɗa ziyarar da ta hubbaren Shehu a Sakkwato da na Muhammadu Bello a Wurno.

Masu son ganin ɗaya ɓangaren tarihin sukan wuce Argungu, inda Kabawa suka kafa sabuwar fada bayan rasa Birnin Kabi, suka ci gaba da gwagwarmaya da Gwandu da Sakkwato har ƙarshen ƙarni na 19. A can ne Gidan Tarihi na Kanta yake, a tsohuwar fadar sarakunan Kabi. Masarautun biyu, Gwandu da Argungu, yanzu suna cikin Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991.