Rabilu Musa Ibro: Gandiroban da ya zama sarkin barkwancin Kannywood

A ranar Laraba 10 ga Disamba, 2014, Allah Ya yi wa Rabilu Musa Ɗanlasan rasuwa a Kano bayan ya sha fama da ciwon ƙoda. Kaɗan ne suka san shi da wannan suna. Tun daga Wudil har zuwa zangon Agege da Idi-Araba a Legas, da Maraɗi da Yamai a Jamhuriyar Nijar, Ibro ake kiransa, kuma da an ambaci sunan sai fuska ta saki.

An haife shi a 1971 a ƙauyen Ɗanlasan da ke Ƙaramar Hukumar Warawa a Jihar Kano. A can ya yi firamare, sannan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Daga nan ya samu abin da iyaye da yawa ke yi wa 'ya'yansu addu'a a kai, wato aikin gwamnatin tarayya. Ya shiga Hukumar Gidajen Yari ta Nijeriya, wadda tun 2019 ake kira Hukumar Gyaran Hali, ya yi kusan shekara takwas yana sanye da kaki. Duk ma'aikacin da ya san daɗin albashin ƙarshen wata da begen fansho zai gane nauyin shawarar da ya yanke a ƙarshen shekarun 1990, sa'ad da ya ajiye kakin ya rungumi sana'ar da a lokacin ba ta da ofis, ba ta da mataki, ba ta da garatuti, kuma mutane da dama ba sa ganin mai yin ta da mutunci.

Sai dai bai shiga fagen da babu magabata ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da 'yan kama masu kwaikwayon malamai da mawaƙa a kasuwa, da 'yan gambara, da wasannin tashe na watan azumi, da wasan taubasantaka da ke ba mutum damar tsokanar ɗan wata ƙabila ba tare da an yi faɗa ba. Rediyo da talabijin sun ɗauki wannan gado suka ba shi sabuwar riga. Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya fito da Samanja a Kaduna. Ƙarƙuzu ya yi tashe daga Jos. Ƙasimu Yero ya zama sananne a kowane gida mai akwatin talabijin. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai wasan ya tashi daga dandali da gidan talabijin ya koma kaset ɗin bidiyo, wanda kowa zai iya saya ko ya yi haya. Ta wannan ƙofa Ibro ya shigo.

Harkar fim ta rabu gida biyu a wancan zamani. Akwai finafinan soyayya masu waƙa da rawa irin ta Indiya, da gidaje na alfarma da motoci. Akwai kuma waɗanda aka laƙaba wa suna camama: masu ƙaramin jari, da ake ɗauka cikin 'yan kwanaki a ƙauye ko a lungu, da tufafin da kowa ya saba gani. An fara faɗin kalmar da raini, amma Ibro ya mayar da ita jari. Sunansa kaɗai a bangon kaset ya isa ya sayar da fim, shi ya sa aka yi ta jera su: Ibro Aloko, Ibro Angon Hajiya, Ibro Ɗan Fulani da sauransu masu yawan gaske. A lokutan Sallah kuma yakan hau dandali a wasannin gala, inda jama'a ke cika fili don su gan shi ido da ido.

Mutumin da yake fitowa a matsayinsa kusan guda ne ko da an sauya masa sana'a. Talaka ne mai wayon tsiya, mai cika baki, matsoraci idan ta yi tsami, wanda yunwa ke koya wa dabara kuma dabarar ke jefa shi cikin rami. Yakan ari rigar mai mulki ko ta mai kuɗi ko ta malami, ya sa ta a karkace, sai mai kallo ya hango abin dariyar da ke jikin rigar tun asali. Irin wannan hali ne ya ɗaukaka Mario Moreno na ƙasar Meziko, wanda duniya ta sani da Cantinflas, da ya fara daga wasan rumfa a unguwannin talakawa ya rasu a 1993 yana gwarzon ƙasarsa. Dukansu biyu sun gane cewa talaka na son ya ga kansa a majigi yana zille wa manya, ko da na sa'a ɗaya ne.

Ga Bahaushen da ke ci-rani a Kudu, abin ya fi haka zurfi. Mai canji ko mai shayi ko ɗan dako a Agege, wanda ya yini yana ciniki da Yarbanci da Turancin buroka, idan dare ya yi ya zauna gaban talabijin a shagon wani, karin harshen Kano da zaurancen ƙauye yake ji daga bakin Ibro. Dariyar tana zuwa ne haɗe da ƙanshin gida.

Bai tsaya ga rigimar miji da mata ko ta maƙwabta ba. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka, ya fito a Ibro Usama, daga baya kuma a Ibro Saddam, inda ya mayar da manyan labaran duniya abin wasa a daidai lokacin da zukata ke tafasa a Kano. Wasu sun yi dariya, wasu sun fusata. Haka nan kwaikwayon da yake yi wa Fulani da sauran ƙabilu: masu kare shi na ganin taubasantaka ce, masu suka na ganin yakan wuce gona da iri. Wannan muhawara ba ta mutu da shi ba.

Mafi tsananin jarrabawarsa ta zo a 2008. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma bayan wata badaƙalar hoton bidiyo da ta girgiza masana'antar a 2007, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim a kanta, aka tsaurara doka, kotun tafi-da-gidanka ta shiga aiki. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, an ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008. A tsakanin waɗannan biyu, aka gurfanar da Ibro kan fim ɗin Ibro Aloko da waƙar Mamar da ke cikinsa, aka yanke masa ɗaurin wata biyu. Hukuma ta kafa hujja da dokar tacewa da ta rajista, jama'a kuwa suka yi ta raɗe-raɗin cewa waƙar shaguɓe ce ga gwamna. Ta haka tsohon gandiroba ya koma gidan yari, wannan karon ta ɗaya gefen ƙofar.

Da ya fito bai sauya sana'a ba. Ya ci gaba da fim har jikinsa ya fara gazawa, yana jan tawagar da ta haɗa da Sulaiman Bosho da Rabi'u Daushe da Mustapha Naburaska, waɗanda suka riƙe fagen bayansa. Ya rasu yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai, kafin kasuwar faifai ta ƙarasa durƙushewa, kafin kuma YouTube da TikTok su zama sabon dandalin masu barkwanci. Duk da haka guntayen finafinansa ne ke yawo a wayoyi har yau, ana tura su daga hannu zuwa hannu a ofisoshin Abuja da tashoshin motar Legas, kuma yaran da ba su taɓa riƙe kaset ba sun san muryarsa.

Allah Ya jiƙan Rabilu Musa, Ya kyautata makwancinsa.