Dokta Barau Dikko, likitan farko na Arewacin Najeriya

Duk wanda ya taɓa zuwa bida Kaduna ya san wani babban asibiti da ke tsakiyar gari, ana ce masa asibitin Barau Dikko. Ƴan Adar da yawa sun bi ta ƙofarsa. Amma in ka tambaye su wane ne Barau Dikko, kaɗan ne za su ba ka amsa. Wani ya ce sarki ne, wani ya ce soja ne. To, ba sarki ba ne, ba kuma soja ba. Likita ne. Shi ne mutum na farko daga Arewacin Najeriya da ya yi karatun likita har ƙarshe, ya zama dokta.

Nan wurinmu, duk wanda ya sa farar riga yana yin allura, likita muke ce masa. Amma aikin hawa-hawa ne. Akwai malamin asibiti, akwai ungozoma, akwai mai awon jini, akwai mai ba da magani. Bisa gare su duka akwai dokta, wanda karatunsa ya fi na kowa tsawo. Wannan matsayi ne Barau Dikko ya kai.

An haife shi a ƙasar Zazzau cikin shekara ta 1912. Cikakken sunansa Russell Aliyu Barau Dikko. Lokacin nan Turawan Ingila ba su daɗe da cin ƙasar Hausa ba, lakwal kuwa ba ta da yawa. A birnin Zariya akwai wani Bature ɗan mishan, sunansa Walter Miller. Shi ma likita ne, kuma ya ji Hausa ƙwarai, har yana cikin waɗanda suka juya Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa, aka buga shi a 1932. Miller ya buɗe ƴar makaranta cikin birni. Daga baya aka mai da mishan ɗin bayan gari, wani wuri da ake kira Wusasa, aka gina makaranta da asibiti. Wanda ya san asibitin Galmi zai gane irin wurin.

A hannun wannan mishan Barau Dikko ya fara karatu. Shi Kirista ne. Yawancin iyaye Musulmi ba su yarda su kai ɗiyansu makarantar mishan ba, don suna tsoron a canza musu addini. Makarantun gwamnati kuma, abin da Turawa suka fi so su fitar shi ne malaman makaranta da ma'aikatan sarakuna. Ko babbar kwalejin Katsina, wadda ta fitar da su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, aikinta na farko horar da malamai ne. Hanyar zama dokta ba ta bi ta nan ba.

Saboda haka sai da yaron ya bar gida. Aka kai shi Ikko, wato Legas, wata makarantar sakandare ta gwamnati mai suna King's College, wadda aka buɗe a 1909. Daga Zariya zuwa Ikko wajen kilomita 1000 ne a jirgin ƙasa. Ku duba fa: yaro ɗan Arewa, a bakin teku, cikin mutanen da ba su jin Hausa, abinci daban, ruwan sama daban. Mu da muke kukan nisan Tebaram da Tawa!

A ganina, wannan zama na Ikko shi ne gindin labarin duka. Mutane suna tsammani a jami'a ake zama likita. Gaskiya ne a can ake ba da takarda. Amma jami'a ba ta karɓar kowa sai wanda ya zo da guzuri daga sakandare. Guzurin kuwa shi ne lissafi da kimiyya.

Mene ne amfaninsu ga likita? Ku ɗauki lissafi. Kun ga in kun kai yaro asibiti ana ɗora shi bisa sikeli kafin a ba shi magani. Ba don wasa ake yi ba. Maganin yaro mai kilo 8 ba daidai yake da na yaro mai kilo 20 ba. In aka rage, ciwo ba ya tafiya. In aka ƙara, magani ya koma guba. Sai ilimin halittu, inda ake koyon yadda zuciya take tura jini, da aikin huhu, da hanta, da ƙoda. A nan ne yaro yake fara leƙa madubin likita, ya ga ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana zaune cikin jini, sai da wannan madubi ake ganinta. Akwai kuma ilimin sinadarai, wanda yake nuna abin da ke faruwa in an gama wani abu da wani. Ruwan gishiri da sukari da muke haɗa wa yaro mai zawo, awonsa daga wannan ilimi ya fito. Yaron da bai sami waɗannan a sakandare ba, ko ya fi kowa kaifin kai, ƙofar karatun likita a rufe take gare shi.

A ɓangarenmu na Faransa ma haka abin yake a wancan zamani. Makarantar likita tana Dakar, an buɗe ta a 1918, ita ce ta dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka. Felix Houphouet-Boigny, wanda ya zama shugaban Kodebuwa, can ya gama a 1925. Ɗan Adar da ke son wannan aiki sai ya ƙetare ƙasashe har Senegal. Makarantar likita ta Yamai ba a buɗe ta ba sai 1974.

Yau hanya ta yi kusa, amma ba ta yi gajarta ba. Shekara 6 a firamare, 4 a kolej har a ci jarrabawar BEPC, sannan 3 a lise, kamar lise Agabba ta Tawa. A lise akwai sashen da ake kira D, inda aka fi ba ilimin halittu da lissafi ƙarfi. Ta nan yawancin masu son aikin likita suke bi. Shekara 13 ke nan kafin a taka ƙofar jami'a, can kuma wasu shekaru 7 ko fiye suna jira. Tsakiyar hanyar nan ce ɗiyanmu suka fi faɗuwa. Babu masauki a birni, babu kuɗin abinci, ga abokai sun dawo daga bida da babur. Ƴan mata kuwa sai a yi musu aure. Ni kaina a aji na huɗu na kolej na tsaya, shekarar da hatsi bai yi ba, tsohona ya ce in zo mu nemi na baka. Ban ga laifinsa ba. Amma har yau in na ga layin mata a ƙofar asibiti, malami ɗaya yana fama da su tun safe, sai in tuna.

Mu koma ga Barau Dikko. Da ya gama King's College, sai ya wuce Ingila, jami'ar Birmingham. Birmingham babban birni ne na masana'antu, ga sanyi ga hayaƙi. A wancan lokaci jirgin ruwa ake shiga daga Ikko, a yi wajen mako biyu bisa teku. Can ya yi karatun likita har ya gama. Bai zauna can ba. A 1940, ana cikin yaƙin duniya na biyu, ya shiga aikin gwamnati a Najeriya, yana ƙaramin likita.

Aikin bai zo da sauƙi ga baƙar fata ba. Tun 1902 Ingila ta yi doka cewa babban rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma na Turawa ne kaɗai. Likita ɗan Afirka, ko jami'a ɗaya suka yi da Bature, matsayinsa da albashinsa a ƙasa suke. An daɗe kafin wannan bambanci ya gushe. Barau Dikko ya yi shekara 13 kafin ya zama babban likita, a 1953.

Ana cikin haka ya sa hannu a wani aiki da ba na asibiti ba. Ƴan boko na Arewa sun ga mutanen Kudu sun yi musu nisa, suka fara taruwa suna shawara. A 1948 aka yi taro a Zariya da Kaduna, daga nan aka sami Jam'iyyar Mutanen Arewa. Barau Dikko yana cikin waɗanda suka kafa ta, tare da su Malam Abubakar Imam, editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shi aka zaɓa shugabanta na farko. Abin lura ne: yawancin ƴan ƙungiyar Musulmi ne, suka sa Kirista gaba. A 1951 ƙungiyar ta koma jam'iyyar siyasa, ita ce NPC wadda Sardauna ya riƙe daga baya. Doka ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa. Dole ya zaɓi ɗaya. Ya sauka daga shugabanci, ya tsaya ga aikin likita.

A 1957 aka ba shi babban matsayi a sashen da ke yaƙi da cututtukan da suka zauna cikin ƙasa, a ma'aikatar lafiya ta Jihar Arewa. Cututtukan wancan zamani, tsofaffinmu sun san su sarai. Akwai ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa. Akwai kuturta. Akwai agana, mai kashe yara, mai barin zane a fuska. Akwai kurkunu da ake sha cikin ruwan tabki, ya kwantar da manomi tsakiyar damina. Akwai sanƙarau da ke zuwa da zafin bazara. Irin wannan aiki ba a zaune cikin asibiti ake yinsa ba. Ƙauye-ƙauye ake bi, a duba mutane, a ƙidaya marasa lafiya, a yi lamba. Yaƙi ne mai tsawo, wanda ya wuce rayuwar mutum ɗaya. An ba da sanarwar ƙarewar agana a duniya a 1980. Kurkunu kuma, a 2013 aka tabbatar Nijar da Najeriya sun rabu da shi. Sanƙarau dai har yanzu muna tare da shi.

A 1960, shekarar da Nijar da Najeriya suka sami mulkin kai, Barau Dikko ya kai babban sakataren ma'aikatar lafiya ta Arewa. Bayan sojoji sun karɓi mulki, Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi, ya kira shi cikin gwamnatin tarayya a 1967. Ya riƙe ma'aikatar ma'adinai da lantarki duk tsawon yaƙin basasa, a 1971 aka mai da shi ta sufuri. Ni dai na fi son rabin farko na labarinsa. Minista ana samu ko yaushe, likita kuwa a Arewa ta lokacin nan da yatsu ake ƙidaya su.

Ya rasu a 1977, yana da shekara wajen 65. Asibitin Kaduna da aka sa wa sunansa yanzu asibitin koyarwa ne. Ɗaliban likita na jami'ar jihar Kaduna, maza da mata, a ɗakunansa suke koyon aiki.