Conny Plank, mai naɗar sautin da ya sauya kiɗan Jamus

Duk mai tara tsofaffin faya-fayan garmaho na makaɗan Jamus ta Yamma, idan ya samu faifai, yakan juya bayan kwalinsa ya nemi suna guda: Conny Plank. Shi dai wannan taliki bai yi suna da waƙa ba, aikinsa naɗar sauti ne da tace shi.

An haifi Konrad Plank a shekarar 1940 a garin Hütschenhausen. Ya shiga sana'ar ne a daidai lokacin da matasan Jamus da suka taso bayan yaƙin duniya na biyu ke ƙyamar waƙoƙin soyayyar iyayensu, kuma suka gaji da kwaikwayon Amurka da Ingila. Kiɗan da suka ƙirƙiro, wanda 'yan jaridar Ingila suka laƙaba wa sunan Krautrock cikin zolaya, Plank ya zame masa uban gida.

Shi ne ya naɗi faifan Tone Float na ƙungiyar Organisation, wanda kamfanin RCA ya fitar a Ingila a 1970, bai kuwa yi kasuwa ba. Biyu daga cikin makaɗan, Ralf Hütter da Florian Schneider, su ne suka kafa Kraftwerk, kuma rashin kasuwar nan ne ya sa faifan ya yi wuyar samu. Kazalika faya-fayan Kraftwerk uku na farko, waɗanda Plank ya yi wa aiki, ƙungiyar ba ta sake buga su a hukumance ba. A 1972 aka fitar da faifan farko na Neu! da na Scorpions, waɗanda shi ya naɗa, dukansu a ƙarƙashin kamfanin Brain na birnin Hamburg.

Daga bisani ya mayar da wani tsohon garken aladu a ƙauyen Wolperath, kusa da birnin Kolon, ɗakin naɗar sauti. Ya yi aikin Autobahn na 1974, faifan da ya fito da Kraftwerk a idon duniya, amma daga kansa ne suka raba gari, ƙungiyar ta ci gaba ba tare da shi ba. Hakan bai rage shi da kome ba, domin Brian Eno da Devo da Ultravox da Eurythmics duk sun yi tattaki zuwa ƙauyen.

Ciwon daji ne ya yi ajalinsa a birnin Kolon a watan Disambar 1987, yana da shekaru 47. Sai a 2001 aka sake fitar da faya-fayan Neu! a hukumance.